Ƙarfe Huɗun Goggo Ardis

Dunkirk, New York
10 ga Maris, 1978

'Yata Corinne,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Ina fata kina lafiya, kuma kina cin abinci a zaune kamar mutum, ba a tsaye bakin firji yadda kika saba ba. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar hagun nan da ke sanar da ni zuwan ƙanƙara tun kafin mutumin rediyo ya sani. Ƙanƙarar kuwa tana nan jibge a ƙofar gida, ta ƙi tafiya.

To, gyara zama ki ji. Mun ci gwajin nan namu na aika hoto da zuci!

Alhamis ta makon jiya, ƙarfe huɗu daidai, na kwanta a doguwar kujerar falo na rufe ido. Na san a wurinki ƙarfe biyu ne, kina riƙe da hoton da kika zaɓa kina turo mini shi da zuci. Bayan minti ashirin na tashi na rubuta abin da ya faɗo mini: abu ja, zagayayye, da sanyi kewaye da shi, kuma ana dariya. Na taka har gidan Dakta Hollis, likitan haƙorin nan mai kula da gwajin, ya sa hannu a ƙasan takardar da kwanan wata, don kada wani ya ce daga baya na gyara. Ambulan ɗinki ya iso Talata. Allah ya ga yadda hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, amma ko ɗaga shi a hasken taga ban yi ba. Shekaranjiya Laraba aka buɗe shi a zamanmu na falon ƙawata Verna, mu tara cif. Sai ga hoton yara a cikin ruwa suna jifa da jar ƙwallo! Hollis ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ni kuwa na yi ihun da ya sa kyanwar Verna ta haye labule.

Da aka natsu Verna ta lumshe ido, ruhun nan Mai Lambu ya sauko a bakinta da muryar nan tasa mai kauri. Kin san halinsa, mutumin da ya ce shekararsa ɗari bakwai da barin duniya ba ya yabon kowa da sauƙi. Amma ya ce tsakanina da ke akwai hanya a buɗe, irin wadda ba a samu sai in zukata biyu suna fuskantar juna. Na dawo gida na manta ina da gwiwa.

Mafarkina na jiya, na rubuta shi da safe kafin in sa ƙafa a ƙasa: babanki Lyle yana faskaren itace da rigar zuwa coci. Shekara goma sha tara da rasuwar ƙanen nan nawa, har yau bai koyi canja kaya kafin aiki ba.

Ki tuna dokar Hollis, ba waya tsakaninmu sai gwajin ya cika wata shida, don kada murya ta tsegunta wani abu. Ita kaɗai ce nake jin zafinta. Na sa miki gwangwanin zumar bishiya ta bana, wadda ake dafawa daga ruwan itace, a gidan waya, ki duba ko ya zube.

Goggonki,
Ardis

Tucson, Arizona
25 ga Maris, 1978

Goggo tawa,

Na gaishe ki, na gaishe da gwiwa. Lafiyata ƙalau. Zuma ta iso ba ta zube ba, sai dai ta kusa ƙarewa, don na yi kuskuren kai ta wurin aiki.

Maganar jar ƙwallo kam na sara miki. Amma abin da kika rubuta a wannan makon, haba Goggo! Kin ga doki, ni kuma hoton teburin cin abinci na aiko, shi ne Dakta Hollis ya rubuta rabin ci saboda dukansu ƙafa huɗu gare su kuma launinsu ɗaya? In haka ne gobe in na aiko kujera ki ce kin ga saniya, mu raba. Ki faɗa masa ni ce yarinyar da ya cire wa haƙori tana shekara goma ba allura, da muryarsa kawai ya sa ni wannan barcin nasa. Na yarda ya iya sa mutum barci, lissafi ne ban yarda ya iya ba.

Kin tambayi yadda nake yi a nan. A ɗakin gwajin jini na asibiti hutuna ƙarfe biyu ne, shi ya sa na zaɓi lokacin. Nakan yanko hoto daga tsohuwar mujalla, in fita in shiga mota, don a ciki ba inda mutum zai zauna minti ashirin ba a kira sunansa ba. In na gama in liƙe ambulan, abokiyar aikina Ofelia ta sa hannu a kan liƙin. Makonni biyun farko ta ɗauka saurayi nake ɓoyewa. Da na yi mata bayani ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wato goggonki tana da waya, ke kina da waya, amma kun zaɓi wannan?" Na ce e. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta miƙo mini dafaffen ƙullin masara mai nama da mamarta ke yi. Sai kin ɗanɗana shi, Goggo, barkonon zai sa ki ga abin da Mai Lambu bai taɓa gani ba.

Garin nan ya karɓe ni. Duwatsun suna yin ja da yamma, ina da ɗan baranda, na dasa tumatir a bokiti. Littafin mafarkin da kika ba ni yana nan a gefen gado. Shafi ɗaya na cika, kuma mafarkin na neman wurin ajiye mota ne, kada ki kai wa Verna ta fassara.

Ki daina kwashe ƙanƙara da kanki, don Allah.

'Yarki,
Corinne

Dunkirk
2 ga Yuni, 1978

'Yata,

Ina gaisuwa. Da fatan zafin da nake ji ana faɗa a rediyo bai dame ki ba. Nan komai ya yi kore, gonakin inabi sun fitar da ganye, gwiwa ta yi shiru. Jikina lafiya, ba abin da ke damuna ta wannan wajen.

Sai dai ban san yadda zan fara ba, kuma kin san ni ba mai rasa baki ba ce. Ambulan huɗu a jere, duk na watan Mayu, ban ci ko ɗaya ba. Ba rabi, ba kwata. Hollis da kansa ya juya takardar sama da ƙasa ya rasa ta inda zai taimake ni. Kin aiko jirgin ruwa, ni na rubuta farin bango. Kin aiko tsuntsu, na rubuta ba komai. Da can in na kwanta nakan ji kamar an buɗe ƙofar ɗaki a bayana, ko ban ga hoton daidai ba na san kina nan. Yanzu sai in kwanta in yi ta jin ƙarar firji.

Na ɗauka laifina ne. Na daina shan kofi ranar Alhamis. Na juya kujerar ta kalli yamma. Na roƙi Hollis ya sa ni barcinsa ko akwai abin da ya toshe a kaina. Ya zaunar da ni ya yi ta ƙirga daga goma zuwa ɗaya, ya ce in koma inda hanyar ta fara. Ban ga wata rayuwa ta dā ba irin wadda sauran ke gani, sarauniya a Masar da makamantansu. Ke na gani, kina shekara tara, ranar da aka kawo mini ke da akwati ɗaya bayan hatsarin da ya ɗauke Lyle da mamanki. Kin tsaya a bakin ƙofar kicin kin ƙi shigowa. Da ya tashe ni ya miƙo mini hankici.

Larabar nan na kasa haƙuri na tambayi Mai Lambu a gaban kowa. Ya amsa. Ya ce hanya ba ta rufe kanta, sai in ɗaya daga cikin biyun ya juya fuskarsa wani wajen. Ya ce tsiron da aka canja wa ƙasa yakan manta tukunyarsa ta farko, kuma ba laifi ba ne. Kowa ya sunkuyar da kai. Verna da ta farko ba ta san abin da aka faɗa ba, ta hau tambayar wa ke son ƙarin kek.

Ba ƙorafi nake yi ba. Shekararki ashirin da takwas, kina da aiki da ƙawaye da tumatir. Tambaya kawai nake yi, ko akwai abin da ya canja ta wajenki.

Goggonki,
Ardis

Tucson
7 ga Yuni, 1978

Goggo,

Gaisuwa a gurguje, ina rubutu ne a tsaye. Lafiyata lau. Mutum biyu sun tafi hutu a ɗakinmu, aikin huɗu ya dawo kan biyu, ga zafi kamar an buɗe murfin tanda.

Wasiƙarki ta iso. Ba abin da ya canja, ki daina sa wa ranki damuwa a kan hoton tsuntsu. Gaskiya ba na son yadda abin nan ya fara hana ki sukuni. Me zai hana mu ajiye zaman Alhamis zuwa Oktoba? Ki huta, ni ma in huta. Ki yi tunani ki faɗa mini.

Tumatir ya yi 'ya'ya uku, tsuntsu ya cinye biyu. Zan rubuto doguwa in na samu kaina.

Corinne

Dunkirk
13 ga Yuni, 1978

Corinne,

Na samu takardarki. Na ji daɗi da kina lafiya. Ni ma lafiya.

Na fahimta sarai, ba sai kin wahalar da kanki da doguwar wasiƙa ba. Ba sai Oktoba ba ma, na sauke miki nauyin gaba ɗaya. Na faɗa wa Hollis ya rufe fayil ɗin. Tun farko ni na matsa, ke kuma ba ki iya ce mini a'a ba, tun kina ƙarama haka kike, sai ki yi shiru ki yi abin da aka ce ranki ba ya so. Ban yi fushi ba.

Abu ɗaya kawai nake so ki sani, don kada ki zaci sakaci daga wajena ne. Ban taɓa makara ba ko sau ɗaya. Na bar taron 'yan fansho na masana'antar ruwan inabi a tsakiya saboda ƙarfe huɗu. Ranar Lahadin ƙarshen Afrilu da aka ja agogo gaba da awa ɗaya kamar yadda ake yi a nan duk bazara, tun kafin in sha shayi na bi agogunan gidan nan biyar na gyara su ɗaya bayan ɗaya, har na murhu, don kada in sa ki jira ko minti guda. Ta wajena dai an yi abin da ya kamata.

Ba sai kin riƙa aiko hoto ba. In kin samu lokaci wani watan, layi biyu sun isa in san kina raye.

Ardis Penhallow

Tucson
18 ga Yuni, 1978

Goggo Ardis, ko in ce Malama Penhallow tunda abin ya kai nan,

Gaisuwata za ta zo a ƙarshe, yanzu raina a ɓace yake. Na karanta wasiƙarki jiya sau uku. Na farko na yi kuka, na biyu na jefar da ita bayan kujera. A na uku ne na tsaya a kan agogunanki biyar, na zauna a ƙasa na yi ta dariya har maƙwabciyata ta buga bango.

Goggo, a Arizona ba a taɓa agogo! Ba a ja shi gaba, ba a dawo da shi baya, yadda yake a Janairu haka yake a Yuli. Ni kuma da na zo a Janairu ban taɓa kawo abin a raina ba, tunda ba wanda ya ce in gyara komai. Tun ƙarshen Afrilu ƙarfe huɗunki ƙarfe ɗayana ne. Lokacin da kike kwance kina sauraron firji, ni ina tsaye ina neman jijiya a hannun wani tsoho. Kin tashi, kin rubuta farin bango, kin kai wa Hollis, kin dawo kin ɗora shayi, sannan ni nake fita da hotona. Mutum tara a falon Verna, da likita a cikinsu, da wani mai shekara ɗari bakwai, ba wanda ya tuna. Da ba a hana mu waya ba, kira ɗaya ya isa mu gane.

Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ga sauran. Ban yarda da abin nan ba, Goggo. Ban taɓa yarda ba, ko rana ɗaya. Ban yarda hoto yana tashi daga kaina ya ƙetare ƙasar nan ya sauka a kujerarki ba. Jar ƙwallon nan ban san yadda aka yi ba, na bar miki ita, amma doki dai ba tebur ba ne. Mai Lambu kuwa, a ganina Verna ce da mura.

Kin ce ban iya cewa a'a ba. Ni da na bar garin da kika so in zauna na taho nan? Na iya sarai. Ban ce ba ne don ba na so in ce. Alhamis ashirin ke nan tun biyu ga Fabrairu, ban tsallake ko ɗaya ba, har ta makon nan da ma'aunin zafi ya nuna ɗari da takwas a lissafin ƙasar nan. Motata ba na'urar sanyi. Tawul nake shimfiɗawa a kujera don kada ta ƙona ni, hoton yana jiƙewa a hannuna, Ofelia tana leƙe ta taga ko na suma. Minti biyun farko ina kallon hoton don in cika alkawari. Sauran sha takwas ɗin ke nake tunani. Ko kin cire takalmi kafin ki kwanta, ko kin shafa maganin gwiwa, ko akwai wanda ya ci abinci tare da ke a makon. A duk mako wannan ne kaɗai lokacin da na san ke ma ni kike tunani a daidai wannan minti, shi ya sa yanzu ni ma nake jin haushin awa ɗayan nan.

Da na ce mu huta zuwa Oktoba, don na ga abin yana cin ranki ne, kuma don zafin nan zai iya kashe mutum. Shi ne za ki sa mini hannu da cikakken suna kamar takardar kotu?

Yanzu ga gaisuwar. Ina gaishe ki, ina kewarki, lafiyata lau. Tumatir na ukun na cinye shi da kaina kafin tsuntsu ya riga ni.

'Yarki, ko kin so ko kin ƙi,
Corinne

Dunkirk
29 ga Yuni, 1978

'Yata, 'yata Corinne,

Ina gaishe ki da kyau. Lafiyata lau, gwiwa lau, kunya ce dai ta kusa kwantar da ni.

Jiya Laraba na tafi zama da wasiƙarki a jaka. Ban karanta musu duka ba, maganar mura na bar ta tsakaninmu. Na dai miƙe na ce Arizona ba ta canja agogo. Hollis ya ƙirga da yatsu, ya dafe kai ya ce, "Ardis, a kira ni jaki." Na ce na riga na kira tun a hanya.

Da Mai Lambu ya sauko ban jira layi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ce yarinyata ta juya fuska. Ashe agogo ne. Ya aka yi ba ka sani ba?" Ya yi gyaran murya ya ce a inda yake babu lokaci, jiya da gobe duk abu ɗaya ne. Na ce, "To wanda ba shi da agogo ya daina sa baki a Alhamis ɗin mutane." Wata ta shaƙe da shayi. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa falon nan ban taɓa mayar masa da magana ba, kuma ki ji, rufin bai faɗo ba. Da Verna ta farko aka ba ta labari ta yi dariya har da hawaye, ta ce ya yi masa kyau.

Kada ki ɗauka kin ci ni da yaƙi. Ina nan a kan bakana, hanyar tana nan, jar ƙwallo shaida ce. Hollis har ya fara zumuɗi wai a tambaye ki abin da kike yi ƙarfe ɗaya a ranakun nan, ko bangon ɗakinku fari ne. Na ce ya ƙyale mini yarinya ta huta. In kina so mu ci gaba, ni zan koma ƙarfe biyar, ke kuma ki nemi wuri mai sanyi a cikin asibitin ko da ɗakin ajiye tsintsiya ne. In na sake jin kin shiga motar nan da rana, da kaina zan zo in ƙwace makullin.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar. Shekara goma sha tara ina tambayar mafarki, ina tambayar Hollis, ina tambayar matattu, ko na iya riƙonki, ko kuwa haƙuri kawai kika yi da ni har kika samu hanyar tafiya. Ban taɓa haihuwa ba, ban san yadda ake gane irin wannan ba. Ke kaɗai ce ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Ni na yarda da abin, kwanciyata ba abin yabo ba ce, a kan kujera mai laushi ma nake yin ta. Ke ba ki yarda da ko ɗigo ba, kika zauna sau ashirin. A tsaye na karanta wannan layin, a bakin akwatin wasiƙa. Ban shiga gida ba, na zauna a gefen hanya da rana tsaka ina kuka da takarda a hannu. Mai kawo wasiƙa ya riga ya wuce gida uku, ya hango ni ta madubi ya dawo da motarsa da baya, ya sauko a tsorace yana tambayata wa ya rasu.

Na ce masa ba wanda ya rasu, 'yata ce ta rubuto.

Goggonki,
Ardis